Gurbi a Layin Matan Sifaniya

Kawu Badaruddeen, mai riƙon Muhsina a Doha, ya yanke hukunci: ko ta bar binciken digirinta kan tsofaffin jaridun matan Sifaniya, ko ya mayar da ita Zariya.

"Matattun Turawa ne za su ciyar da ke? Kalas, magana ta ƙare!"

Da azahar ta koma ɗakinta a unguwar Muntazah, ta yi sallama kamar kullum, duk da babu kowa ciki. Sai muryoyi suka amsa ƙasa-ƙasa.

A hoton jaridar da ta manna a bango, matan Sifaniya da ke layin jefa ƙuri'arsu ta farko duk sun juyo suna kallonta. Sun mammatsa, sun bar gurbin mutum ɗaya.

Ta kira kawun nata a waya. "Kawu, ka yi haƙuri, amma ba zan bari ba."