Gayya a Fakon Bawa

Tun daga hanyar Lambara na hango hayaƙin, kuma kafin mai babur ya sauke ni na tabbata daga gonar Bawa yake tashi. Na iske mazan unguwarmu a warwatse cikinta, kowa da manjagara, ga tarin kara nan da can wuta tana ci. Lirwanu, ɗan ƙanwar Bawa, ya tarye ni yana share zufa, fuskarsa cike da fara'a.

"Baba, sannu da hanya. Ya jikin Kawu? Gayya munka yi mai. Mun ce kada ruwa shi sauka gonatai na cike da shara."

"Wa yac ce muku shara ta?"

"To, Baba, ruɓaɓɓen kara na. Dut gara ta cinye shi."

"Ita shika nema, Lirwanu," na ce. "Garat shika nema."

Bawa maƙwabcina ne, darni ɗaya ya raba gidajenmu tun muna da ƙarfinmu. Gonar nan gadonsa ce, kuma rabinta na gabas ya daɗe da zama fako, ƙasa mai tauri kamar daɓen ɗaki, wadda ruwa ke gudu a kanta ba ya shiga. Ya zuba mata takin zamani, ruwa ya kwashe ya kai wa maƙwabta. Ya roƙi makiyaya su kwana da shanunsu a wurin, suka ce ba abin da dabba za ta lasa. Daga nan ya ɗauki wata hanya mai cin rai. Duk kaka, sa'ad da kowa ke ɗaure karan hatsinsa domin dabbobi da murhu, shi sai ya kwaso nasa ya shimfiɗa a kan fakon, ya danne da duwatsu, ya watsa kashin awaki. Gara ta zo cin kara ta huda ƙasa, ruwa ya sami ƙofa, karan kuma ya tare rairayi da irin ciyawar da iska ke kawowa.

Ya sha bayyana wannan a bakin masallaci. Ba a taɓa bari ya kai ƙarshe ba.

"Bawa mai kiwon gara," in ji su, "yaushe za ka kai su kasuwar Shagari?"

"In sun yi ƙiba," yakan amsa, a yi dariya, a tashi.

Bara, bayan shekaru yana wannan wahala, ƙyasuwa da harkiya suka tsiro jefi-jefi a inda ko ƙarangiya ba ta fita. Bai yanka ba, bai bar kowa ya yanka ba. Ya bar ta ta bushe a tsaye domin ta zubar da iri. Burinsa ɗaya ne, bana fakon ya rufe da ciyawa ya gani da idonsa. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi a asibiti a Bodinga, shi ya aiko ni in duba ko iska ta kwashe masa karan.

Yanzu ga karan, ga busasshiyar ciyawar da irinta, duk sun zama toka. Duwatsun ma an tattara su gefe, an jera da kyau. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai wani dattijo ya ɗaga hannu aka yi wa Bawa addu'ar samun sauƙi. Dole na shafa tare da su. Mutanen nan sun bar gonakinsu, sun yini a rana ba don lada daga kowa ba. Wa zan zaga?

Washegari na koma Bodinga. Asabe, matar Bawa, tana yi masa fifita. Ya buɗe ido.

"Malam, iska ba ta kwashe ba?"

"Iska ba ta taɓa shi ba," na ce, na dubi ƙasa.

Da a nan maganar ta tsaya. Amma da la'asar Samira, matar mai unguwa, ta shigo dubiya, kuma tun daga ƙofa ta fara albishir.

"Malam Bawa, kana da mutane. An yi maka gayya jiya. Gona tas, awa tsakar gida. Ko tsinke ba su bari ba."

Asabe ta daina fifitar. Bawa ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Wanda aka yi wa gayya kuwa abu ɗaya ake jira daga bakinsa.

"Allah shi saka musu da alheri," ya ce. Can kuma ya ƙara, "Asabe, an ba su hura?"

"Ba ni gida, Malam."

"In kin koma, ki dama musu."

Ya juya fuskarsa bango. Bai sake tambayar gona ba, kuma bai kai Juma'a ba. Waɗanda suka yi masa gayyar su suka haƙa kabarinsa, Lirwanu yana kuka har aka riƙe shi.

Bayan addu'ar bakwai, da safe, na ji ana ɓalle-ɓalle a jikin darnin da ke tsakaninmu. Asabe ce, cikin kayan takaba, tana zare karan ɗaya bayan ɗaya. Duk unguwar ba sauran kara a wannan lokaci na bazara sai na darni.

"Ni ba ni hita, Malam," ta ce ta cikin giɓin. "Kai ka kai mai. Ka danne da dutsi."

Na ɗauka na kai fakon. Da na shimfiɗa, bai wuce faɗin tabarmar salla ba, a tsakiyar baƙin fili. Daren da aka yi yayyafin fari, da gari ya waye na je na tsuguna, na ɗaga kara guda. A ƙarƙashinsa akwai siririn layin jar ƙasa mai danshi, aikin gara. Na mayar da shi a hankali yadda yake.