Koren Takalmin Roba

Ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin mata na wani ƙaramin asibiti, kuma kowa Sista yake ce mata, har mijinta idan yana jin tsokana. Aikinta na tsayuwa ne. Daga shigarta da safe har ta miƙa aiki da yamma ƙafarta ba ta hutawa: ta ɗaura wa wannan ruwa, ta juya waccan, ta bi likita zagaye, ta sauka ɗakin magani ta sake hawowa. A 'yan shekarun nan baya ya soma yi mata ciwo, dunduniya kuwa in ta sauko daga gado sai ta ji kamar ta taka ƙusa. Ta sha magani, ta shafa man zafi, ta canza katifa. Da ta ga ba sauyi sai ta haƙura, ta ce girma ne ya fara sallama.

Wata rana da safe ta sauko daga motar haya a bakin kasuwa za ta ƙarasa asibiti a ƙafa, sai baƙin takalminta na aiki, wanda ta daɗe tana tattalinsa, ya buɗe baki. Tafin ya ɓalle daga gaba, ya rage yana reto a dunduniya. Ta duba ko'ina, mai gyaran takalmi bai fito ba tukuna. Wanda ya fito shi ne wani mai kayan roba da ke jera hajarsa a kan buhu, bokitai da kofuna da kwanduna, da 'yan takalma a gefe.

"Malam, akwai rufaffe na mata?"

"Na mata sun ƙare, Hajiya. Saura wannan."

Ya ɗago shi. Kore ne shar, mai faɗin baki kamar kwalekwale, samansa duk huji, ga maɗauri a baya.

Ta ce, "Wannan ai na masu wankin mota ne."

"Ko na masunta," in ji shi, bai ma wahalar da kansa wajen yabon kayansa ba. "Ni ma a cikin dila na tsince shi. Tun bara yake bi na. Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ko kodewa ya ƙi yi. Ki ba da abin da ya sawwaƙa ki raba ni da shi."

Abin da ta miƙa masa bai wuce kuɗin shayi da burodi ba. Ta zura ƙafa, ya ɗan yi mata yawa, ta ja maɗaurin ta wuce. Niyyarta ya kai ta wurin aiki kawai, in ta koma gida ta jefa shi banɗaki.

Tana shiga ɗakin mata abokiyar aikinta ta hango ta, wata doguwa da ake kira Rediyo saboda bakinta ba ya mutuwa.

"Lale da mutanen fadama! Sista, kwaɗi kika tako a hanya suka biyo ki?"

Sauran ma'aikata suka tuntsire. Wata tsohuwa da aka yi wa aiki a ciki ta dafe ɗinkinta tana roƙo a daina ba ta dariya. Shugabar ɗakin ta sauke gilashinta ta ƙare wa takalmin kallo, ta ce doka dai rufaffe ta ce, ba ta ambaci launi ba, amma gaskiya ido yana shan wahala.

Nan da nan aiki ya sha kan Sista. Ranar aka kawo masu haihuwa a jere, aka nemi jini, wata ta suma a bakin ƙofa. Sai da ta zauna a motar komawa gida sannan ta lura da wani abu: yini guda ba ta nemi kujera ba, ba ta jingina da bango tana murza ƙugu ba. Ta motsa yatsunta a cikin robar, ta ce ƙila dai yau ce ta zo da sauƙi.

A gida mijinta, mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, yana tsugune a tsakar gida ya baje kayan aikinsa. Ya dubi ƙafarta, ya dubi fuskarta.

"Wa ya rasu ya bar miki gado?"

"Ka ji da firjinka," ta ce, ta shige.

Washegari ta karɓo baƙin daga wajen gyara, an ɗinke shi tsaf, ta saka. Kafin azahar ƙusar nan ta dawo dunduniya. Kwana na gaba ta koma wa koren, ta yini garau. Daga nan ba ta ƙara yi wa kanta gardama ba. Aka yi ta tsokana har aka gaji. Marasa lafiya da ba su riƙe fuska ba sai su ce a kira musu mai koren takalmi. Ita kanta Rediyo, ranar da Sista ta cire shi za ta wanke ƙafa, ta faki ido ta zura, ta je ƙarshen ɗakin ta dawo, sannan ta matso ta rage murya, abin da ba a saba ji daga gare ta ba.

"Don Allah in kin bi ta wajen mutumin ki ɗauko min. Amma ki tambaya ko da baƙi."

Sista ta bi ta wajensa. Mai kayan roba ya riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Abin da na rasa mai ɗauka ko kyauta? Wallahi Hajiya shi ke nan ƙwaya ɗaya. Ban san ma daga inda ya fito ba."

Suka juya tafin tare. Akwai rubutu, amma ya goge, ba a gane komai. Ya ce zai duba mata in ya je saro kaya. Ya duba, bai samo ba.

A gidan akwai surukinta, mahaifin mijin, wanda kowa ke kira Baba. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, rayuwarsa duka a kan ƙafa ya yi ta yana raba wasiƙu, babu lungun da bai sani ba. Ciwon suga ya kama shi bayan ya ajiye aiki, ƙafafu suka riƙa kumbura. Ɗansa ya taɓa sayo masa takalmin fata mai tsada, ya ci masa ɗan yatsa, ciwon ya ƙi warkewa wata da watanni, Sista ce ta yi ta wanke shi har Allah ya sa ya rufe. Tun daga nan Baba ya ji tsoron takalmi. Ya kafa kujera a baranda, ya ɗora ƙafa a kan ƙaramin benci, shi ke nan. Mutumin da a da ba ya zama sai ya koma ba ya tashi, kuma zaman ya lalata masa hali. Shayi ba suga faɗa, miya ba gishiri faɗa, yara sun bar ƙofa a buɗe faɗa, sun rufe ma faɗa.

Ranar hutunta Sista ta wanke koren takalmin ta kife shi a bakin baranda ya sha iska, ta shiga kicin. Tana cikin yanka albasa ta ji ƙarar ƙofar gida. Ta leƙo ta ga ko baƙo ne. Ba kowa. Kujerar Baba ba kowa, takalmi kuma babu.

Ta yafa mayafi ta fito bakin titi da silifas, sai ga shi can yana dawowa daga kwana, a hankali, hannu ɗaya a baya, kore shar a ƙafa, yana amsa gaisuwar mai shago kamar jiya suka rabu.

"Baba! Ina kuka je ba sallama?"

"Ina zan je? Gani na yi kin bar shi a rana, na ce bari in matsar da shi." Ya wuce ta ya zauna. "Ashe sun rushe gidan mai ɗinkin nan sun yi kantin magani. Ba wanda ya gaya min."

Ta durƙusa ta cire masa takalmin, ta duba ƙafar kamar yadda take duba ta marasa lafiya, tsakanin yatsu, dunduniya, gefen da ya taɓa yin ciwo. Ko ja babu.

"Bai matse ku ba?"

"Wannan abin? Ai ba takalmi ba ne, katifa ce." Ya kau da kai. "Muni dai gare shi."

Daga ranar takalmi ya zama na mutum biyu, ba tare da an zauna an yi magana ba. In ta dawo da yamma ta cire a bakin ƙofa, kafin ta canza kaya ya ɓace. In aikin rana gare ta, Baba ya yi fitarsa da hantsi ya dawo mata da shi kafin ta shirya. Mutumin da bai taɓa tambayar yadda aikinta yake ba sai ga shi kullum yana cewa, "'Yata, gobe safe ne ko rana?" Ya nemo tsohon buroshi, shi ke wanke shi da kansa yana bin hujin ɗaya bayan ɗaya. Fitar tasa ta tashi daga kwana ta kai bakin kasuwa, ta wuce. Yakan dawo da labari: wane ya tsufa, wane ya sayar da gida, titin kaza an canza masa hanya ba dalili. Awon sugansa ya sauko. Faɗan shayi ya ragu, don kafin a kawo ma ya gaji ya yi barci.

Sai dai ƙafa huɗu ba sa shiga takalmi ɗaya. Wata safiya aka kira ta ta canji wata da ɗanta ba lafiya, ta fito a gurguje, ta tarar Baba ya riga ta. Dole ta saka baƙin. Ranar ta dawo tana ɗingishi, ranta a ɓace, ta samu mijin a ɗaki ta rufe ƙofa.

"Abban yara, ka yi wa Allah ka nemo wa Baba nasa. Ni fa da shi nake neman abinci."

"To ki gaya masa mana."

"Ni in buɗe baki in ce wa Baba ya cire takalmi? Kai ka gaya masa."

"Ni? In ce masa me?" Ya dafe kai yana dariya. "Yau ni na shiga uku. Matata da ubana, a kan robar da ko ɓarawo ba zai ɗauka ba."

Ita ba ta yi dariya ba, shi ma sai ya daina. Ya shiga nema da gaske. Duk unguwar da gyara ya kai shi sai ya tsaya wajen masu takalma ya nuna hoton a waya. Ya kawo wani shuɗi mai kama da shi, ashe tauri gare shi kamar katako, Baba ya taka sau biyu ya ce a kai banɗaki. Ya kawo fari, ya matse. A ƙarshe ya samo wani ruwan ƙasa, mai gyaran takalmi ya yanka soso ya shimfiɗa a ciki. Baba ko gwadawa ya ƙi yi, ya ce ƙafarsa ba wurin gwaji ba ce. Sista ta saka ta je aiki da shi. Bai kai koren ba, ita ta san haka tun kafin ta kai bakin titi. Amma ya fi baƙin nesa ba kusa ba, ciwon yakan jira sai wajen la'asar kafin ya taɓa ta.

Ta yi kwanaki tana juya abin a ranta. Ba ta son rabuwa da koren, kuma ba ta ɓoye wa kanta hakan ba. Amma ta ga ƙafafun masu suga da yawa a wurin aiki, ta san inda zama wuri ɗaya yake kai su. Ita dunduniya ce ke damunta. Wata yamma ta ɗauko koren ta ajiye a ƙarƙashin kujerar Baba.

"Baba, na bar muku shi. Na saba da wancan."

Ya dube ta. Ya san ba ta saba ba, yana ganin tafiyarta in ta shigo gida.

"A'a. Aro dai."

"To aro. Sai na tambaya."

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka," da sauri, kamar mai tsoron a ji shi, ya jawo rediyonsa ya ƙara murya.

Bayan 'yan makonni, ran wata Asabar da rana, wayar mijin ta yi ƙara suna cin abinci. Gwaggonsa ce, ƙanwar Baba, wadda ke zaune can ɗaya gefen gari, bayan gada. Muryarta har Sista tana ji.

"Kai, ka zo ka ɗauki ubanka! Ga shi nan ya faɗo min gida a ƙafa, da wani takalmi kamar ganyen ayaba. Na ce wa ya kawo ka, ya ce ƙafarsa. Ya ci abinci, ya duba min rufin ɗaki ya ce yana yoyo, yanzu kuma wai zai koma yadda ya zo. Na tsayar masa da mota ya kori direban."

Mijin ya wanke hannu ya hau babur ya tafi. Sista ta gama kwashe kwanuka, ta yi wanki, ta shanya, shiru ba su dawo ba. Sai da rana ta yi sanyi ta ji hayaniyar yaran layi, ta fito ƙofa. Ga Baba a gaba yana tafe yana nuna wani gini da hannu yana bayani. Ga ɗansa a gefe yana tura babur, riga ta jiƙe sharkaf da gumi.

"Ya ƙi hawa," in ji mijin da suka iso, yana haki. "Tun daga gada nake turawa."

Baba ya ce, "Wa ya aike ka? Cewa na yi ka yi gaba." Ya juya wajen Sista. "'Yata, a ba shi ruwa. Yaron nan ba ya motsa jiki."

Ta kawo ruwa kofi biyu. Ta jawo ƙaramin bencin ta zauna, ta ce Baba ya miƙo ƙafa ta duba.