Kabad ɗin Bindigogin Halvar

Halvar yana kan tsani yana kwance kan elgi, wata ƙatuwar dabbar daji dangin barewa, daga bangon falo, yana kuma fama da wata 'yar gaskiya da bai faɗa wa kowa ba. Ranar da masu duba gida suka zo a watan jiya suka watse babu wanda ya taya, daɗi ya ji. Har fito ya riƙa yi a gareji, a hankali, don kada matarsa ta ji.

"Riƙe shi da kyau, tsoho," in ji matar tasa Majvor daga ƙasa, tana dogare da sandarta. "Bai kashe ka a daji ba, kada ya zo ya kashe ka a falo."

Ya sauko da shi yana nishi. Ƙahonin sun fi faɗin hannuwansa biyu, kuma ƙurar shekara ashirin ce a kansu.

Maganar sayar da gidan ta Majvor ce, ko a ce ta ƙugunta. Hunturun bara sau biyu tana faɗuwa a ƙanƙara tsakanin ƙofa da akwatin wasiƙa. An sama musu ɗan gida a garin Mora, a ƙasa, babu matakala, kusa da 'yarsu, an kuma ce za a riƙe musu shi zuwa ƙarshen Satumba. Idan wannan bai sayu ba kafin nan, Majvor za ta sake yin wani hunturun a nan.

Ylva, dillaliyar gidaje, ta zo ranar Laraba ta zagaya tana nuni da biro. Kawunan dabbobi su sauka. Labulen falo ya tafi. Da ta leƙa ƙaramin ɗakin da ke gefen kicin sai ta tsaya cak a gaban kabad ɗin ƙarfe.

"Wannan ma."

"A kulle yake," in ji Halvar. "Yadda doka ta ce."

"Ni na sani, Halvar. Mutanen birni fa? Mace ta shigo ta ga ma'ajiyar bindiga kusa da inda za ta dafa wa yaranta abinci, shi ke nan, ta gama sayen gidanka. Ranar Lahadi ƙarfe biyu akwai mata da miji daga Stockholm. Su kaɗai suka kira."

Abin da Ylva ba ta sani ba shi ne, kabad ɗin ya girmi ɗakin. Shekara talatin da suka wuce Halvar ya shigo da shi, kilo ɗari biyu, ya ajiye a kusurwar kicin, daga baya ya ja bango ya sa ƙofa. Ya auna komai ranar, har wurin makunnin fitila. Ƙofar ce kawai bai auna ba. Kabad ɗin ya fi ta faɗi da yatsa huɗu.

Ya kwana biyu yana riƙe da yatsa huɗun nan kamar wanda ya tsinci kuɗi. Ba shi ya ƙi ba, ƙofa ce ta ƙi.

Safiyar Juma'a dai ya kira Sixten, shugaban ƙungiyarsu ta farauta.

"Akwai wuri a kabad ɗinka?"

"Na nawa?"

"Bindiga huɗu."

Sixten bai tambayi dalili ba. Ya san sabon gidan babu inda za a kafa kabad, ya kuma san ɗaya daga cikin huɗun ta mahaifin Halvar ce. "Akwai," ya ce. "Ai gara su zo wurina, ko ba komai sa ga nama. Yaushe rabonka da samun wani abu da ba bishiya ba?"

"Ka zo da igiya. Ka taho da Rune da Ebbe."

Suka iso da hantsi su uku, da igiyoyi da farantin robar da suke jan elgi da shi daga cikin daji. Idan aka haɗa shekarun su huɗun za su kusa ɗari uku. Ba a taɓa komai ba sai da aka sha kofi da burodin kirfa. Ebbe ya je ya auna ƙofar da tafin hannu, ya dawo ya ƙara kofi.

"Wane kafinta ne ya yi maka wannan aikin? Ka kai shi ƙara."

"Ya mutu," in ji Halvar.

"Allah ya sa ya auna akwatin gawarsa."

Halvar ya buɗe kabad ɗin ya riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya yana sawa a jaka. Ta ƙarshe ita ce ta mahaifinsa, wadda gindinta ya yi sumul saboda kuncin mutum biyu. Ya daɗe yana goge wurin da babu datti. Sauran suka fita waje duba tayar motar Sixten, wadda lafiyarta lau.

Majvor ta zo bakin ƙofa.

"Halvar. Idan ba ka so, a fasa. Zan iya wani hunturun."

Ya dube ta. Daga kujera zuwa nan taku shida ne, amma sai da ta jingina da ƙofar. Shekara arba'in da ɗaya yana zaune da ita, ya san muryar da take ƙarya da ita, irin wadda take cewa miyar da ya dafa ta yi daɗi.

Ya ja zif ɗin jakar ya miƙa mata. "Ki ba Sixten. Ki ce kada ya kuskura ya shafa mata wannan man nasa." Sannan ya ɗauko zarto ya sa wa bangon da ya gina da hannunsa.

Sun kwantar da kabad ɗin a kan farantin, suka ɗaura igiya, biyu gaba biyu baya, yadda suka saba. Sixten yana ƙirga, Rune yana zagin kowa.

"Ja mana, Ebbe! Kai gawa ce?"

"Ina ja!"

"Wandonka kake ja!"

Awa uku suka yi kafin su kai shi tirela, daga nan zuwa rumbun Sixten. Rune ya ce elgi ya fi mutunci, shi aƙalla ana cin sa daga baya. Ranar Asabar Halvar ya mayar da bango, ya shafe, ya yi fenti. Majvor ta sa keken ɗinkinta a ɗakin da tukunyar fure. Abin mamaki, da ya tsaya yana kallo, bai ji abin da ya yi zaton zai ji ba. Bayansa kawai ke ciwo.

Ranar Lahadi ƙarfe biyu daidai baƙin suka iso, suka cire takalma a bakin ƙofa. Mijin, Teodor, dogo ne mai tabarau, yana ta yabon tagogi. Matar, Lovisa, ba ta cika magana ba. Ta duba rufi, ta duba tukunyar ɗumama gida, ta ƙwanƙwasa katakon ƙasa da dunduniya. Ylva tana biye da su tana zuba bayani a kan natsuwar ƙauye da lafiyar yara.

A ƙofar ƙaramin ɗakin Lovisa ta tsaya. Ta dubi keken ɗinki, ta ciro waya, ta sake duban keken.

"Yi haƙuri, baba. A hoton tallan watan jiya akwai kabad ɗin ƙarfe a nan."

"An fitar da shi!" in ji Ylva da sauri. "Babu komai irin wannan a gidan nan yanzu, ko kaɗan."

"Kash." Lovisa ta juya wajen mijinta. "Gida tara muka gani, wannan kaɗai ke da shi."

"Bindiga uku gare ta," in ji Teodor, kamar mai ba da haƙuri. "Ni tsoron su nake ji. Ni nawa yin burodi."

Ylva ta sunkuya tana duba takardunta. Majvor ta shige kicin, kafaɗunta na girgiza, ta ce wai za ta ɗora kofi.

A teburin kofin Lovisa ta tambayi ko ƙungiyar farautar ƙauyen tana ɗaukar sababbi. Halvar ya ce shekara goma suna neman wanda gwiwarsa ke lanƙwasuwa. Ta tambayi inda elgi ke ratsawa da kaka, ya jawo takardar tallan Ylva ya zana mata a baya, da rafi, da dutsen da yake zama. Ta ce ba za ta gane ba sai dai ya zo ya nuna mata da kansa. Ya ce Mora ai ba nisa, minti arba'in ne.

Kafin magariba suka taya, a kan farashin da aka sa, da sharaɗi guda ɗaya da Ylva ta rubuta ba tare da ta ɗaga kai ba.

Ranar Litinin da safe, fenti bai gama bushewa ba, suka sake fasa bangon don mayar da kabad ɗin.