Wayar da Ba Ta Magana Biyu

Tun kafin Nababa ya mallaki waya tasa ta kansa, babu wayar da ta taɓa shiga Kwarin Dashi ta kwana bai yanke mata hukunci ba. A teburin mai shayi yake zaman shari'arsa. Sai a miƙa masa waya, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa bayanta da farce kamar mai sayen kankana, sannan ya taɓe baki. Wannan batirinta rago ne. Waccan in ta yi ƙara sai ka ce an taka akuya. Ta Dabo kuwa, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa tun suna yara, cewa ya yi ko sadaka aka ba shi ita sai ya nemi ciko.

To, ranar da ƙaninsa ya aiko masa da babbar waya mai shafawa daga Legas, mutanen gari suka san sun shiga uku. A shekarar ce kuwa abubuwa suka fi tsanani, shekara guda bayan cire tallafin mai, lokacin da magidanta suka koma cin tuwo sau ɗaya a yini suna cewa wai tumbi suke ragewa. Kwarin Dashi a cikin kwari yake, sabis ba ya sauka can ko da kuskure. Don haka duk ranar Lahadi Nababa yake hawa kekensa zuwa kasuwar Ɗambatta, ya zauna a rumfar Kamilu mai gyaran waya, a sa masa data, wayar ta sha iskar birni ta ƙoshi, sannan su dawo gida tare.

Kamilun nan shi ya saka masa manhajar hasashen yanayi. Ba ta buƙatar karatun boko. Layi bakwai ne, kwana bakwai, kowane layi da hotonsa: ko rana, ko gajimare, ko gajimare mai zubar da ruwa. Wata biyu cur na bazara tana nuna rana, kuma ranar ake yi. Allah na tuba, ko jakin Dabo aka tambaya a watannin nan zai faɗi haka, amma wa ya isa ya gaya wa Nababa?

Abin da ya fi burge shi da ita shi ne dattako. Abin da ta faɗa ranar Lahadi, shi za ka tarar ranar Talata, shi za ka tarar ranar Asabar.

"Ku duba nan," in ji shi ga 'yan teburin shayi. "Masu rediyo yau su ce gabas, gobe su ce yamma. 'Yan siyasa kuwa kun san su. Amma wannan baiwar Allah magana ɗaya take yi. Da mutum ce, da ita za a ba amanar marayu."

Dabo ya kurɓi shayinsa wanda ba madara, ya ce, "Ai ko turmi magana ɗaya yake yi, Nababa."

Abin da ya rage wa gidan Nababa a duniya a lokacin shi ne irin gero kwano uku, a cikin wani tulu da matarsa Kulu ta zuba wa toka ta liƙe bakinsa da laka. Rumbu ya daɗe da zama ɗakin kaji. Kulu ita ta san yadda ta tsare tulun nan. An ci tafasa, an ci rama da ƙuli, an kwana da ruwan zafi. Har da lokacin da jikarsu Safara'u ta yi zazzaɓi tana kukan kunun gero, Kulu ta fita bayan ɗaki ta yi nata kukan, ta dawo ta dama mata na garin rogo, ba ta fasa lakar ba. In irin nan ya tafi, babu na saye, domin wanda ke kasuwa ya fi ƙarfin talaka, kuma duk maƙwabci nasa yake runguma.

Wata Lahadi a ƙarshen bazara Nababa ya dawo daga Ɗambatta yana tuƙa keke kamar wanda aka biyo. Manhaja ta sauya hoto. Layi huɗu na farko rana, amma daga Alhamis har Asabar baƙin gajimare ne, da ruwa, har da walƙiya.

Nan take ya yanke shawarar yin binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya rufe, ruwan farko ya zo ya tarar da shi a kwance. Binne ba baƙon abu ba ne, kakanni sun yi. Wanda ya dace, geronsa yakan riga na kowa nuna, kuma a shekarar yunwa mako biyu ba wasa ba ne. Sai dai caca ce. In ruwa mai ƙarfi ya sauka, ka ci. In yayyafi ne, ya tashi irin daga barci, ya tsira, rana ta ƙone shi. Shi ya sa duk manomin da ke da hankali yake raba irinsa uku, ya binne kashi biyu, ya ɓoye ɗaya saboda sake shuka.

Kulu ta fasa lakar ta auna masa kwano biyu, ta mayar da murfi ta sake liƙewa.

"Saura ɗaya," in ji Nababa.

"Malam, ɗayan na sake shuka ne."

"Sake shuka ai na wanda bai san gobe ba ne. Ni ga gobe a aljihuna."

"To ka bar ta a aljihun. Tulun dai nawa ne."

Ranar Litinin ya duba waya, ruwa na nan ranar Alhamis. Talata ya duba, yana nan daram. A ranar ce rediyon Dabo ya ce manoma su dakata, damina za ta ɗan yi jinkiri. Nababa ya yi dariya har da tafa cinya, ya ce ai makon jiya su ne suka ce ta kusa, ga shi sun lashe amansu. Ya ɗaga wayarsa sama ya nuna wa jama'a gajimarenta guda uku, ko ɗaya bai gusa ba.

Ranar Laraba Kulu ta tafi barka wani ƙauye kusa da Makoda. Nababa ya gama zuba kwano biyu, ya tsaya ya dubi sauran gonar da ya riga ya sare da sungumi, ramuka a buɗe suna kallonsa. Zuciya ta ce masa asara ce ruwa irin wannan ya sauka a kan ramin da ba kome. Ya koma gida, ya fasa lakar, ya juye kwano na uku a buhu. Sannan ya yi abin da ko shi kansa ba ya son tunawa: ya cika gurbin da yashi don kada nauyin tulun ya tona shi, ya kwaɓa sabuwar laka ya liƙe. Kafin la'asar ya binne kome.

Alhamis ta zo, sama fes. Ya ce ai yinin bai ƙare ba. Juma'a ya je masallaci da lema a hammata, yara da manya suna kallonsa, ya dawo da ita a naɗe. Ranar Asabar ko teburin shayi bai leƙa ba. Yana zaune a zaure yana duban waya, ita kuwa tana nuna masa walƙiya ba ko kunya, alhali ƙadangaru a waje suna neman inuwa.

Da sassafe ranar Lahadi ya kama hanyar Ɗambatta. Yana isa rumfar Kamilu ya ajiye wayar a kan tebur ya ce a duba masa, ko wani abu ya kwance a ciki. Kamilu ya sa data ya buɗe manhajar. Wani ɗan zobe ya yi juyi a tsakiyar gilashin, sai Nababa ya ga gajimarensa sun ɓace a kan idonsa. Layin farko ya fito da ɗan siririn gajimare mai ɗigo ɗaya tak. Sauran shidan duk rana ce, jajur.

"Kai, Kamilu! Me ka taɓa?"

"Ban taɓa kome ba, Baba. Sabon labari ta ɗauko."

"Wane irin sabon labari? Ita da ba ta magana biyu?"

Kamilu ya dube shi, ya ajiye abin da ke hannunsa. "Baba, ai takan canza magana sau goma a yini. Hasashe ne. Amma sai da sabis take jin abin da ake ciki. A garinku ba sabis, don haka abin da ta ɗauka a nan ranar Lahadi shi take ta nuna maka har mako ya zagayo. Ka ga wannan rubutun?" Ya nuna wani ɗan layi a can ƙasa, launin toka a kan fari, wanda ko mai tabarau sai ya yi da gaske. "Nan take faɗin yaushe rabonta da labari."

"Shi ne suka rubuta shi kamar sawun tururuwa, suka zana mini hadari kamar tabarma?"

"Masu yin ta ba su san akwai garin da ba sabis ba, Baba."

Nababa ya ɗauki wayarsa ya jefa a aljihu. Ashe abin da ya yi wata biyu yana kira dattako kurumta ce kawai. Tsoro ya kama shi. Bai tsaya cefane ba, ya hau keke.

Ya tarar da Kulu tana tsinke zogale a tsakar gida. Ya wuce ta ya shiga ɗaki ya ɗauko tulun, ya fasa lakar, ya juye a gabanta. Yashi ya zubo ya yi tsibi a kan tabarma.

Ya so ta yi faɗa. Wallahi da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Kulu ta dubi yashin, ta ce, "Yaushe?"

"Laraba."

"Ruwa fa?"

"Yayyafi yau. Daga nan rana har kwana shida."

Ta miƙe, ta yafa mayafi, ta ɗauki rariyar tankaɗe da ƙwarya, ta fita. Ya bi ta a baya har gona.

A bakin kunyar farko ta durƙusa, ta kamfaci ƙasar rami ɗaya ta zuba a rariya ta girgiza. Yashi ya zube, ya bar tsakuwa da 'yan ƙwayoyin gero, waɗanda tururuwa da zabi suka rage. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta sa a ƙwarya, ta matsa rami na gaba. Nababa ya durƙusa gefenta ya fara tono da hannu bibbiyu yana watsa ƙasa.

"A hankali, Malam," in ji ta. "Kana ƙara binne su."

Dabo ya biyo ta hanyar gonar da jakinsa. Ya tsaya ya ga mutum biyu masu furfura suna tankaɗe gona. Duk tsokanar da ya tanada tun ranar Juma'a ya ajiye ta gefe. Ya ɗaure jakin a gindin ƙirya, ya cire hularsa ya mai da ita mazubi, ya kama kunya ta biyu.

Har la'asar ta yi sanyi ba su gama kunya huɗu ba, gona kuwa kunya ta fi ɗari. Abin da ke cikin ƙwaryar bai cika tafin hannu biyu ba. Sai iska ta juyo daga gabas da ƙanshin ƙasa, wani siririn gajimare ya tsaya a kansu. Ɗigo ya sauka a wuyan Nababa, wani ya sauka a kan rariya. Wannan karon manhajar ta faɗi gaskiya.

Yayyafi ne marar ƙarfi, daidai wanda zai jiƙa iri ya tashe shi, ba zai kai danshi ƙasa ba. Yashin ya fara dunƙulewa, ya daina wucewa ta rariya. Kulu ta girgiza, ta sake girgizawa, sannan ta ajiye ta. Ta jawo ƙwaryar ta rufe da mayafinta, ta duƙa a kanta don kada ɗigo ya taɓa abin da suka tsinto.

Nababa ya ɗaga kai sama, ruwa na sauka a fuskarsa. Shekara hamsin yana noma, bai taɓa tsammanin bakinsa zai iya furta abin da ya ji yana furtawa ba.

"Allah Ka ɗauke. Allah Ka ɗauke mana shi."