Yarinya Mai Ɗan Tsako

Ranar da Rabe ya ɗauki 'yarsu Zaituna a babur zuwa asibitin Malumfashi, wuyanta ya kumbura har ya haɗe da haɓa, numfashinta na fita da ƙara kamar ana jan zarto a ɗanyen icce. Matarsa Adawiyya ta biyo su bakin zaure da jaririnta Mannir a baya, tana kallon ƙafafun yarinyar suna reto a gefen babur har suka sha kwana. Da la'asar Rabe ya bugo waya. Mashaƙo ne. An yi mata allura, an kwantar da ita a ɗakin da aka ware. Likita ya ce su gode wa Allah da suka kawo ta yau, don cutar ba ta ba da dogon wa'adi. Wani abu take shimfiɗawa a maƙogwaro, irin yanar da ke kwanciya a kan kunu idan ya huce, ya yi ta kauri har ya toshe hanyar iska.

Washegari da hantsi wata ma'aikaciyar lafiya ta yi sallama, Malama Rashida, baki da hanci a rufe. Inna Sabuwa, uwar mijin Adawiyya, ta shimfiɗa mata tabarma ta ɗebo ruwa a moɗa.

"Inna, ki yi haƙuri, yau ko ruwan gidanku ba zan sha ba."

"Oh ni Sabuwa, zamani! Baƙo ya ƙi ruwa, kuma wai shi ne mai magani."

A tsaye Malama Rashida ta ba su ƙwayoyin da za su sha, ta yi musu riga-kafi, ta haska maƙogwaron kowa da fitila. Sannan ta kafa doka. Ba mai fita, ba mai shiga, har kwanakin da aka ɗibar musu su cika. Ba barka, ba gaisuwar rasuwa, ba rijiyar unguwa. Ruwa da cefane a ajiye musu a zaure a juya. Magana da maƙwabta sai daga nesa.

"Saura babban aikin," in ji ta. "Cutar nan ba ta da ƙafa, ta mutane take ara. Ina so in san duk wanda yarinyar ta zauna da shi ko ta ci abinci da shi tun makon jiya."

Adawiyya ta ambaci 'yan ajinsu na Islamiyya da 'ya'yan Mero maƙwabciyarta. Sai ta tsaya. Ta tuna Juma'a.

Haƙoran Mannir ne suka fito lafiya, ba zawo ba zazzaɓi, shi ya sa ta dama kunun gyaɗa cike da babbar ƙwarya ta sa aka kira yara sadaka. Haka ake yi tun kaka da kakanni: ƙwarya ɗaya a tsakar gida, ludayi ɗaya, yara su kewaye, wannan ya kurɓa ya miƙa wa na kusa. Ran nan Zaituna ta tashi tana cewa wuyanta na mata zafi. Adawiyya ta ɗauka mura ce, ta ce ta fara sha tun da ɗuminsa. Daga bakinta ludayin ya fara zagaye.

Inna Sabuwa ta yi gyaran murya. "Ke Adawiyya, sadaka ba a tallanta. So kike a ce daga ƙwaryar gidan nan ciwo ya shiga gari?"

"Inna, wanda aka yi dominsa ya riga ya gani. Yanzu saura likita."

Adawiyya ta lumshe ido ta bi da'irar yaran kamar yadda suka durƙusa, daga hannun daman Zaituna, tana faɗin sunan kowa da gidansu. Duk ta san su, wasu ma a gabanta aka yanke musu cibiya. Da ta zagayo kan wadda ke hannun hagun Zaituna sai ta buɗe ido.

"Akwai wata. Ban san ta ba."

Wata 'yar fara ce, ba za ta wuce shekara biyar ba, wadda ta tsaya a bakin zaure tana leƙe har Zaituna ta je ta jawo hannunta. Riƙe take da ƙoƙo, a cikinsa ɗan tsako mai karyayyar ƙafa an ɗaure da zare. Da ludayi ya zo kanta sai ta fara ɗiga wa tsakon a baki kafin ta sha, yara suka yi ta dariya. Ita da Zaituna suka siɗe ƙwaryar, kai da kai. Daga nan wata murya ta kira daga waje, ta fita da gudu. Ranar kasuwa ce, hanyar ƙofar gidan cike take da mutanen ƙauyuka.

"Sauran yaran kafin azahar na gama da su," in ji Malama Rashida. "Wannan ita ce abin tsoro. Idan ta ɗauka, iyayenta za su ce mura ce, kamar yadda kika ce. Ba suna, ba gari. Zan sanar da ɗakunan shan magani na kewaye, amma ƙauyukan nan sun fi a ƙirga."

Bayan ta tafi Adawiyya ta kasa zama. Ita ta san ƙarar numfashin nan. Wata uwa tana can tana dafa citta da kanumfari, ba ta san abin da ke kauri a wuyan 'yarta ba. Ta saɓa Mannir, ta zura hijabi, ta ɗauki takalmi. Ai za ta gane yarinyar ko cikin dubu. Ƙauye-ƙauye za ta bi.

Har ta kai zaure, hannunta na kan ƙyauren, sai Mannir ya yi atishawa a bayanta. Ta tsaya cik. Atishawa ce kawai, amma ta ji ɗumin numfashinsa a wuyanta, ta kuma ga kanta tana sallama gida-gida, ana ba ta tabarma, ana karɓar yaron ana masa wasa. Ƙafar da cutar ke nema ta ara ke nan, tata. Ta saki ƙyauren ta komo.

"Har kin dawo daga yawon duniyar?" in ji Inna Sabuwa.

Adawiyya ta ɗaga kai. Katangar da ta raba su da gidan Mero take kallo, katangar ƙasa da damina ta zaizaye kanta. Ta nan ake miƙa gishiri da garwashin wuta, ta nan kuma labarin kowa ke ƙetarawa. Inna kan ce katangar nan ta kashe aure ya fi uku a unguwar.

Ta ja baya har gindin rumbu, ta rufe baki da gefen hijabi, ta ɗaga murya. "Mero! Maman Aƙilu!"

Aka ji an kife turmi, sai ga kan Mero mai ƙuli-ƙuli ya ɓullo.

"'Yan gidan kurkuku, kun tashi lafiya? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Kada ki matso, tsaya nan. Yau bakin nan naki nake so ki ara mini."

"Bakin da kuke zagi? Inna, kina ji ko?"

"Ina ji, gidan rediyo," in ji Inna Sabuwa. "Allah bai yi abin banza ba."

Adawiyya ta faɗa mata gajere, yadda ba zai lalace a hanya ba: ana neman 'yar farar yarinya mai ɗan tsako a ƙoƙo, wadda ta sha kunun sadaka a gidan Rabe ran Juma'a. A kai ta asibiti yau, ko da lafiyarta ƙalau. Kuma duk wanda ya ji ya faɗa wa na gaba.

"Har da sunan gidan zan faɗa?" Mero ta tambaya, wannan karon ba wasa a muryarta.

Adawiyya ta dubi uwar mijinta. Tsohuwar ta daɗe tana juya carbi.

"Faɗi," in ji Inna Sabuwa. "In ba a ce gidan wa ba, uwar za ta ce ba tata ba ce."

Kan Mero ya nutse. Kafin Adawiyya ta kwance goyo ta jiyo muryarta a ɗaya katangar tana kiran matar mai gyaran keke. Can kuma, da nisa, wata murya ta ɗauka. Daga nan ba ta ƙara jin komai ba sai kukan kurciya.

Yinin ya wuce, wani ya biyo. Ta sha magani, ta ba Inna, ta leƙa maƙogwaron Mannir har ya gaji ya cije mata yatsa da sababbin haƙoransa. Ta tafasa ludayin nan da ƙwaryar, ta kife su a rana, ta kasa kallonsu. Labarai suka riƙa dawowa ta katanga, duk na banza: an ga yarinya da ɗan zabo a hanyar Danja, an ga yaro da tantabara. Duk sallar da ta yi sai ta roƙa wa yara biyu, ɗaya da suna, ɗaya ba suna.

Ran Alhamis da azahar Malama Rashida ta shigo, bakin zanenta jiƙe da taɓo har gwiwa. Ta jingina da bango tana mayar da numfashi.

"Sunanta Baturiya," ta ce.

Adawiyya ta zauna a kan turmi.

"Tana asibiti. Wuyan ya fara tashi, tun jiya ta ƙi abinci. Likita ya ce an zo a kan gaɓa."

"A ina? Wa ya gano ta?"

"Wa zan ce miki? Ni dai bin maganarki na yi ta yi a baya, ina isa wuri a ce mini ta riga ta wuce."

Ta ba su labari. Daga katangun unguwa maganar ta faɗa gidan injin niƙa, inda matan gari ke aike. Mai injin ya faɗa wa 'yan acaba da ke hutawa a inuwarsa. Ɗaya daga cikinsu ya kai wani fasinja wajen masu kaji, ya yi zancen. Wani tsoho mai sayar da kaji ya ce shi ya ba yarinyar tsakon, an taka shi ne a cikin akurki, ya ga tana ta kallonsa. Bai san sunansu ba, amma uwar yarinyar, daddawa take sayarwa, kuma daga maganarta mutanen ƙetaren rafi ne, Maguzawa. Wata Bafulatana mai tallan nono tana tsaye tana ji. Ta ce ita hanyarta ce. Da ta haye rafin sai ta tarar ana gayyar girbin dawa, maza sun yi layi a gona, makaɗi na binsu da ganga. Ta ga ba ta da muryar da za ta kai ƙarshen gonar, sai ta faɗa wa makaɗin. Shi kuwa ya tsayar da kiɗa, ya saka maganar cikin waƙa, ya rera ta daga wannan kunya zuwa waccan: wa ke da 'ya mai ɗan tsako, wadda ta sha kunu gidan Rabe?

"Sai uban yarinyar, Ɗanjuma, ya yar da magirbinsa ya zura da gudu. Ina isowa bakin rafin na gan shi ya taho da ita a kafaɗa, ruwa har ƙugu, 'yan gayya na biye da shi."

Adawiyya ta miƙe. Ta juya ta dubi katangar. Ƙasa ce da ramno, ciyawar da ake kwaɓa ta da ita, ga sawun kaji a kanta, ga inda akuya ke soshe jiki. Maganar da ta faɗa a gindin rumbun nan, bakinta a rufe, ita ce ta bi ta bakin mutanen da ba ta taɓa gani ba, ta hau babur, ta shiga kasuwa, ta haye ruwa a kan mai tallan nono, ta zama waƙa a gonar da ba ta san hanyarta ba. Ba wanda ya riƙe ta, ba wanda ya ce ina ruwana. Ashe haka garin yake a ɗinke. Hanyar da ludayi ya bi, da ma tana nan tun fil azal, daga baki zuwa baki, kuma ta cikinta aka bi aka cimma ciwon.

"Ikon Allah," in ji Inna Sabuwa a hankali. 

Da yamma Rabe ya kira. Ya ce ta tagar ɗakin yake hango Zaituna da Baturiya, gadonsu na kusa da juna. Wata ma'aikaciya ta kara wa Zaituna wayar a kunne. Muryar ta fito a shaƙe, siririya, amma ba ƙarar zarto a cikinta.

"Umma, ƙawata ta zo. Amma an hana ta shigo da tsakon."

Adawiyya ta yi dariya har hawaye ya jiƙa hijabin.

Washegari tana shanya kayan Mannir sai ta ji an kife turmi a gidan Mero.

"'Yan kurkuku, ku ja baya, ga saƙo!"

Guga ne ya sauko ta kan katanga a hankali, ɗaure da igiya. A cikinsa ƙoƙo, a cikin ƙoƙon ɗan tsako, ƙafarsa ɗaure da zare, yana tsiyu-tsiyu.

"Mai injin ne ya aiko, shi ma ɗan acaba ya ba shi, shi ma wai daga mai nono," in ji Mero. "Yarinyar ce ta ƙi yarda a yi mata allura sai da ubanta ya yi alkawari. Ta ce a kai shi gidan masu kunu, su suka san abin da yake ci."

Adawiyya ta jira igiyar ta koma, sannan ta matso ta ɗauki ƙoƙon da hannu biyu. Tsakon bai kai nauyin ƙwai ba, zuciyarsa na bugawa a tafinta.

"Maman Aƙilu, in kin ga mai ludaya ki ce ya ajiye mini guda ashirin, ƙanana. Ranar da yaran nan suka dawo zan dama wani."

"Ashirin? Biki za ki yi?"

"Kowa da nasa," in ji Adawiyya. Ta wuce madafa neman tsakin gero.