Matan Teburin Falo

Yana shafi na tara a majigi Farfesa ta ɗaga biro. Ɗagawa kawai ta yi, amma Baban Aji ya dakata da bayaninsa.

Tsohuwa ce 'yar firit, daga wata jami'a aka gayyato ta don ta jarraba masu kare kundin digiri na biyu a fannin ƙididdiga. Tun safe mutum biyu ta yi wa murmushi, dukansu kuwa sun fito suna neman bangon jingina.

Baban Aji, sunan da furfura ta jawo masa a wajen 'yan ajinsu, shekara uku ke nan yana fama, don a ofis an ce ba takarda, ba ƙarin girma. Bincikensa a kan mata ɗari huɗu ne masu zuwa asibitocin karkara. Ɗari biyu da tamanin ya gani da idonsa. Sauran kuwa, da ruwa ya cinye hanya, a teburin falonsa aka haife su cikin kwana uku. Ya raba musu shekaru da 'ya'ya da hawan jini, yana canza biro, wani lokaci har da hannun hagu. Matarsa ta leƙo ta ce, "Da haka kake kula da namu 'ya'yan, ai da na huta."

"Malam," in ji Farfesa, "mahaifiyarka tana da rai?"

"Tana nan, ranki ya daɗe."

"Allah ya ƙara mata lafiya. Shekarunta nawa?"

"Za ta yi kamar saba'in. Ko tamanin."

"Madalla. Haka tawa take cewa har ta koma ga Allah." Ta gyara tabarau. "Matanka na farko ma haka suke: talatin, arba'in, talatin da biyar. Mutanenmu a kan sifili da biyar suke taruwa, kamar tumaki a inuwa. Amma daga lamba ta ɗari biyu da tamanin da ɗaya, sai na ga talatin da bakwai, arba'in da uku, ashirin da tara. Mace ɗari da ashirin, babu ko ɗaya mai shekara arba'in cif. Wane gari ne wannan mai albarka?"

Shi da ya guje wa cikakkun lambobi don kada a ce ƙirƙira ya yi! Wayon da ya fi alfahari da shi ke nan.

Ya dubi Dakta, mai duba aikinsa, wanda ya sa hannu a kundin ba tare da ya wuce gabatarwa ba. Dakta na nazarin fankar silin kamar yau aka ƙirƙiro ta.

"Wancan kwalin na bakin ƙofa, takardun tambayoyin ne?"

Su ne. Da kansa ya ɗauko su, don a ga ƙwazo.

"Ware min su kashi biyu. In kai ka ware, maganar ta ɗakin nan ce, ka koma karkara ka cike aikinka. In ni na ware, ta kwamitin ladabtarwa ce, kuma su har ofishin mutum suke aika wasiƙa." Ta yi murmushin nan. "Ni ba na sauri."

Ya durƙusa, gwiwa ta yi ƙara, ya buɗe kwalin. Ta saman ya gane ta nan take: shekara arba'in da uku, 'ya'ya shida, jininta lafiya lau. Ya tuna har tausayinta ya ji, ya rage mata haihuwa ɗaya.

Ya ajiye ta a hagu, ya miƙa hannu ya ɗauko ta gaba.