Kazar Man Takalmi

Duk unguwar ba mai kiranta da sunanta. Mai Ludayi ake ce mata, domin ko faɗa za ta yi da ludayi a hannu take yin sa. Shekara ashirin da biyu tana girkin taro, kuma abin taƙamarta guda ne: ba a taɓa dawo mata da kwano da saura ba. To wannan matar ce ƙanenta ya zo ya zauna a bakin ƙofar kicin ɗinta, ya dubi tsabar idonta, ya ce ta dafa masa kaji bakwai ba gishiri.

"Ba me?"

"Ba gishiri, Yaya. Ba albasa, ba tafarnuwa, ba komai. Kuma kada su dahu. Ki ɗan nuna musu wuta kawai fatar ta ɗame, shi ke nan."

"Auta, zazzaɓi kake yi?"

Lafiyarsa ƙalau. Shi ne ƙaraminsu, amma yanzu gemu ya cika masa haɓa, ga matarsa da ciki wata bakwai. Shekara uku ya yi yana zaga gari da takardu a hammata kafin ya samu shiga wani kamfanin shirya fim a matsayin mai tsara ɗaki, wato shi ke jera kujeru da labule da duk tarkacen da kyamara za ta gani. Gwajin wata uku aka ba shi, kuma wannan makon ne na ƙarshe. Da darakta ya ce a samo mai girki saboda wani zaman cin abinci da za a ɗauka, sai Auta ya yi caraf ya ce ai yayarsa ce gwanar garin.

"Abincin fim na kallo ne, Yaya, ba na ci ba," in ji shi. "Zama ɗaya sai a maimaita shi sau goma sha biyar, kuma kowane karo dole farantin ya kasance yadda yake tun farko. 'Yan wasan za su sa a baki su ɗan tauna, da an ce a tsaya sai su tofar a bokiti, yana nan ƙarƙashin tebur. In ya yi daɗi haɗiyewa za su yi, abinci ya ƙare, aiki ya tsaya."

"Su tofar? Abincin nawa?"

"Don Allah, Yaya. Aikina ne a hannunki."

Ta ce masa to, irin to ɗin da ake faɗa wa mutum don ya tashi ya ba ka wuri.

Da asuba ta wanke kajin ta jera su a faranti, farare fat, kamar marasa lafiya a layin asibiti. Ta tsaya tana kallonsu, takaici ya ishe ta. Wallahi ba ta yi niyya ba, hannunta ne ya tafi gwangwanin gishiri da kansa. Ta ce ɗan kaɗan dai, don kada a ce. Daga nan ta ga ai gishiri ba tafarnuwa cin mutunci ne. Tafarnuwa ta jawo citta, citta ta jawo albasa da lemun tsami, kuma wace mahaukaciya ce za ta ɓata wannan kayan haɗi a kan ɗanyen nama? Ta bar su a wuta suka dahu luguf. Tana rufe kula tana cewa, "Kyamara dai ba ta da harshe."

Wurin ɗaukar fim ɗin wani ƙaton sito ne, a tsakiyarsa an gina falo mai bango uku. Ta jingina da ɗaya don ta gyara takalminta, bangon ya yi baya, wani ya kurma ihu ya tare shi. Katako ne aka shafa wa fenti. Ta leƙa taga, ashe lambun da ke waje zane ne a jikin ƙyalle. Ta ga kantar littattafai cike maƙil, ta ce to ga abu ɗaya na gaskiya, ta sa hannu ta zaro guda, sai ga littafi ashirin sun biyo ta a manne, ba ko shafi ɗaya a cikinsu, bayansu kawai aka liƙa a jikin kwali.

Auta kuwa sai washe baki yake yana nuna mata aikinsa. Kek ɗin nan mai hawa uku soson katifa ne ya yanka ya lulluɓe da farin siminti. Madarar da ke cikin kofi gam ne, don ta gaske ba ta fitowa da kyau a hoto. Agogon bango ba batir, kullum ƙarfe ɗaya ne a gidan.

"Wato tun safe har yamma ƙarya kuke ginawa," in ji Mai Ludayi. "Inna ta san abin da kake yi ke nan?"

Tana faɗin haka ta buɗe kular. Ƙamshi ya tashi ya cika siton, masu fitila da ke can sama suka leƙo ƙasa. Fara'ar Auta ta ɗauke.

"Yaya, me kika yi?"

"Girki."

Labarin da za a ɗauka ba wuya. Wani dattijo ne ya cika shekara saba'in, 'ya'yansa huɗu suka taru a kan tebur, shi kuma zai yanki kaza, ya kai loma ɗaya, sannan ya sanar da su cewa zai sayar da gidan. Tsohon ɗan wasan da ke fitowa a dattijon, wanda kowa ke kira Baba, ya shekara talatin yana tofar da abinci a bokiti. Aka ce a fara, Baba ya kai lomarsa. Aka ce a tsaya, aka miƙa masa bokiti, ya ture shi da ƙafa. Ya lumshe ido, ya haɗiye, ya miƙa hannu ya ƙara.

Daga nan fa komai ya kwance. A karo na biyu babban ɗan ya yi maganarsa baki cike, ba wanda ya ji me ya ce. A na uku, 'yar da ya kamata ta tashi a fusace ta bar teburin ta tashi ɗin, amma da cinya a hannunta. Wata mata mai littafi, wadda aikinta lura da cewa kowane cokali yana inda aka bar shi, ta yi ta ƙorafi: ɗazu fiffiken hagu yana nan, yanzu ina ya tafi? A sauke wannan kaza, a ɗora sabuwa. Wadda aka sauke kuwa kafin ta kai bakin ƙofa masu fitila da mai kwalliya sun yi mata rubdugu.

Ita Mai Ludayi tana gefe ta harɗe hannu, kanta sai ƙara girma yake. Ina masu cewa a tofar? Ga bokitin nan a bushe. Ko kallon inda Auta yake ba ta yi ba, balle ta ga yadda gumi ya jiƙa masa riga.

Ƙarfe biyu na rana kaji bakwai sun koma ƙasusuwa. Baba ya sassauta bel, yana hamma, ya manta ko gidan zai sayar ko mota. Sai a lokacin mai kyamara ya tuna musu cewa ba a ɗauki hoton kazar daga kusa ba, cikakkiya tana tururi, wanda da shi za a buɗe zaman gaba ɗaya.

Daraktan ɗan guntun mutum ne mai tawul a wuya, kuma ba ya ihu, abin da ya fi ihun ban tsoro. Ya kira Auta gaban kowa.

"Na ce maka abincin fim. Ka faɗa mata, ko ba ka faɗa mata ba?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Laifina ne, ranka ya daɗe. Ni ne ban yi mata bayani ba."

"Awa ɗaya na ba ka. In ba kaza a kan teburin nan, gobe ka yi zamanka a gida."

Maganar Auta ta daki Mai Ludayi a ƙirji. Sau uku ya yi mata bayani, har da roƙo. Yaron da ta goya, wanda ko kofi ya fasa sai ya ce ita ce, yau shi ne ya tsaya gaban mutane ya ɗauki laifinta ya ɗora a kansa, ga mace da tsohon ciki tana jiransa a gida. Kunya ta kama ta, irin wadda rabonta da ita tun tana budurwa. Ta saɓi jakarta ta fita. Minti ashirin sai ga ta da figaggiyar kaza ɗanya daga wurin mai kaji na bakin titi. Ta ja hannun Auta zuwa bayan bangon katakon.

"Koya mini ƙaryar taku."

Ya koya mata. Aka kwara wa kazar tafasasshen ruwa fatar ta ɗame. Aka cusa mata tsohuwar jarida ƙirjin ya taso. Aka kama fatar da allurai ta ƙasa. Sannan Auta ya zaro gwangwanin man goge takalmi, ruwan ƙasa, ya haɗa da man girki, ya fara shafawa da buroshi.

"Kai, ba ni nan! Kaza kake gasawa ko ƙofa kake wa fenti? Ka taɓa ganin kaza mai launi ɗaya?"

Ta karɓe buroshin tana tsaki. Ita ta san inda wuta ke fara cin kaza. Ta duhunta bakin fiffike, ta bar ƙirjin da ɗan haske, ta ja siririn layi inda mai ke gangarowa ya taru a gindin cinya. Tana yi tana mita: shekara ashirin da biyu, yau ga ta tana goge kaza kamar takalmin ɗan makaranta, Allah ya isa tsakaninta da fim da wanda ya ƙirƙiro shi. Auta ya tsoma auduga a ruwan zafi ya ɓoye bayan kazar, tururi ya tashi.

Darakta ya leƙa allon kyamara ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Yauwa. Wannan ita ce kaza." Aka yi tafi. Baba ya farka, ya ga abu yana sheƙi, ya miƙo hannu, Mai Ludayi ta sauke masa ludayi a kan yatsu.

"Baba, so kake ka mutu a kaina?"

Auta ya tsira da aikinsa. Ita kuwa ta naɗe kazar a leda biyu kafin ta jefa a shara, don kada magen wani ta ci alhakin ya hau kanta.

Bayan wata biyar fim ya fito, sai wani sabon takaicin ya taso. Waya ba ta hutawa, kowa irin kazar fim yake so a bikinsa. Matar da ta shekara goma tana cin girkinta ba ta taɓa cewa sannu ba, ita ce ta tare ta a hanya tana cewa ashe haka kika iya kika ɓoye mana? Mai Ludayi ta yi yaƙe ta wuce. Duk tukwanen da ta ƙone hannu a kansu ba wanda ya ɗaga sunanta sai ɗanyar kaza mai cikin jarida. Kuma ba halin ta faɗa, asirin aikin Auta ne.

Ranar wata Asabar da rana aka taru a falon Inna, mahaifiyarsu, don a kalla tare. Ga surukai, ga maƙwabta, ga matar Auta da jaririya a kafaɗa. Mai Ludayi ta dafa kaji na gaske ta bari a kicin sai an gama. Da kazar ta cika allon talabijin, tana ƙyalli tana tururi, falon ya kaure da salati da kirari. Ita dai ƙasa take kallo.

"Tsayar mini da shi nan," in ji Inna.

Auta ya tsayar da hoton. Tsohuwar, wadda a hannunta Mai Ludayi ta koyi riƙe wuƙa, ta gyara tabaranta mai kauri, ta ja kujera har gaban talabijin ɗin, ta ƙura ido.

"Wannan kazar ɗanya ce."

Ta nuna allon da yatsa.

"Ku dubi ƙafar. Kazar da ta dahu naman ƙafarta janyewa yake ya bar ƙashi a waje. Tururin ma ta bayanta yake fitowa, ba daga jikinta ba. Wa ya ce 'yata ce ta dafa wannan abin? Ku daina yi mata sharri. Ko tana shekara tara ba ta taɓa sauke mini ɗanyen nama ba."

Mai Ludayi ta buɗe baki, Auta ya riga ta.

"Ni na yi, Inna."

"Ai na sani. Kai da ko ruwan zafi ka ɗora sai ya ƙone."

Aka fashe da dariya. Mai Ludayi ta miƙe da sauri ta shige kicin, don idonta ya cika kuma ba ta son surukai su gani. Tun fitowar fim ɗin ana yabonta tana jin kamar zagi, yau an kushe kazar ta ji sanyi har cikin ranta. Ta share fuska da gefen zane, ta zuba wa kowa, ta kai wa Inna nata. Farantin Auta ta kawo a ƙarshe ta dangwarar a gabansa.

Inna ta leƙa. "Cinya biyu? Shi kaɗai? Yaushe aka fara haka a gidan nan?"

"Bar shi ya ci, Inna," in ji Mai Ludayi. Ta juya ga Auta ta nuna shi da ludayi. "Kuma wallahi ka tofar mini ko loma ɗaya, sai na fasa maka kai."